NAZARI: "Babu Sabis" A Illela: Wa Ke Jin Kukan Na'ura Kafin Ta Mutu?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san inda ciniki ke tsayawa cak. An yi tayi, an sallama, dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa, an kai ga biyan kuɗi, sai mai POS ya ɗaga na'urarsa sama kamar mai neman wata, ya ce sabis ya ɗauke. Mai shanu ba zai saki igiya ba sai ya ga alat. Mai saye ya rantse kuɗi sun fita daga asusunsa. Direban tirelar da zai kwashi dabbobin zuwa kudu yana kallon rana tana yi masa nisa.

Can a bakin iyaka ma labarin ke nan da wata siga. Motocin albasa da na hatsi sukan yi layi, ejan yana riƙe da takardu, amsar da yake jira kuwa tana cikin wata kwamfuta da bai taɓa gani ba, wadda ake ce masa "ta faɗi".

Jama'a sun saba karɓar wannan magana kamar yadda suke karɓar labarin hazo ko guguwa, abin da ke zuwa babu sanarwa ya tafi babu sallama. Amma ruwa ba ya tsami banza. Galibin na'urorin da ke riƙe da sadarwar garin suna yin kuka kafin su mutu, kuma an daɗe da ƙirƙiro hanyar da za a ji kukan a ɗauki mataki ko da babu mutum a kusa. Abin tambaya shi ne ko ana amfani da wannan hanya a garuruwan kan iyaka irin Illela, da kuma wanda zai amsa tambaya idan ba a yi ba.

Na'ura ba ta cika mutuwar fuju'a ba

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka ajiye don ta yi wa sauran kwamfutoci da wayoyi hidima dare da rana. Ita ke riƙe da bayanan banki, ita ke tantance takardun fito, ita ke amsa wa na'urar POS. A cikin kowace sabar ta zamani akwai wani ƙaramin sashe mai zaman kansa wanda aikinsa kawai sa ido a kan lafiyarta: zafin jikinta, gudun fankokinta, ƙarfin wutar da ke shigarta, da ko wani ya buɗe murfinta. Tun a 1998 kamfanonin Intel da Dell da HP da NEC suka fito da ƙa'idar bai-ɗaya ta wannan aiki mai suna IPMI. Kamfanin Dell na kiran nasa sashen iDRAC, HP kuma iLO. Wannan ɗan sashe yana ci gaba da aiki ko an kashe sabar, muddin akwai wuta a jikinta.

Faifan ajiyar bayanai ma yana da nasa tsarin, inda yake ƙirga wuraren da suka lalace a jikinsa, sau da yawa ya ba da gargaɗi tun kafin ya daina aiki. Haka batirin ko-ta-kwana da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke: yana iya faɗin lokacin da ya karɓi aiki da mintocin da suka rage masa. A turakun sadarwa kuwa, akan sa na'urorin da ke auna man da ya rage a tankin janareta, da ƙarfin batura, da zafin ɗakin kayan aiki, da buɗewar ƙofa.

Duk waɗannan saƙonni ne. Saƙo kuma ba ya da amfani sai an karɓe shi. A nan ne rubutaccen umarni ke shigowa: wasu 'yan layuka da injiniya ke rubutawa ya ajiye a cikin na'ura, yana cewa idan kaza ya faru, a yi kaza. Idan wuta ta ɗauke kuma batiri ya kusa ƙarewa, a adana aikin da ake ciki, a rufe sabar cikin natsuwa kafin ta mutu da bayanai a baki. Idan zafi ya wuce ƙima, a ƙara gudun fanka, a rage mata nauyi, a aika wa mai kula saƙon waya. Idan faifai ɗaya ya lalace, a koma kan na ajiya, a buɗe takardar neman sabo. Idan babbar wayar intanet ta katse, a juya zuwa layi na biyu.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu shi ne janaretan da ke tashi da kansa da zarar an ɗauke wuta, ya kuma mutu da kansa idan an dawo da ita. Bambancin kawai shi ne rubutaccen umarni yana iya yanke hukunci iri-iri, ya kuma bar shaidar abin da ya yi da daƙiƙar da ya yi shi. Manhajojin da ke wannan aiki, irin su Zabbix da Nagios, akwai su kyauta ga duk mai so. Tsadar tana wajen ƙwararren da zai tsara su, da kayan ajiyar da za a koma kansu, da mutumin da zai tashi idan ƙararrawa ta kaɗa.

Me ya sa lamarin ya fi tsanani a Illela

A Legas ko Abuja, idan na'ura ta yi gargaɗi, injiniya na iya isa gare ta kafin shayinsa ya huce. Illela kuwa tana da nisan sama da kilomita 80 daga birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma abubuwa huɗu sun taru sun sa na'urorinta sun fi na birni buƙatar iya kula da kansu.

Na farko yanayi. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce a riƙe ɗakin sabar tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. A yankin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da tsakar rana a watan Afrilu, ƙaramin ɗaki mai cike da kayan lantarki ba ya daɗewa bai zama tanda ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatun iska, fanka ta yi ta wahala har ta gaza.

Na biyu wuta. Lantarkin Sakkwato yana tahowa ne ta dogon layin da ya taso daga Kainji ya bi ta Birnin Kebbi, kuma babban layin wutar ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma a 2024 kaɗai. Ke nan turakun sadarwa da ofisoshin kan iyaka sun dogara ne kacokan a kan janareta da batura da hasken rana. Kowane sauyi daga wannan zuwa wancan wata kafa ce da na'ura za ta iya mutuwa idan babu abin da ke sarrafa sauyin.

Na uku tsaro. A watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta ƙasa ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a sassan jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma Illela na cikin ƙananan hukumomin da aka riƙa ambata tare da Tangaza da Gudu. Ma'aikacin da a da zai hau babur da dare ya je ya duba turke a ƙauye, yanzu sai gari ya waye, wani lokaci ma sai an nemo masa rakiya. Tsakanin lokacin da na'ura ta yi kuka da lokacin da hannu zai taɓa ta, tazara ta ƙaru.

Na huɗu shi ne manufofin gwamnati, kuma a nan akwai darasin da bai kamata a manta ba. A watan Nuwamban 2019, ana tsakiyar rufe iyakokin da aka fara a watan Agustan shekarar, Hukumar Kwastam ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya ta haramta kai man fetur da dangoginsa gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Nan take ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta yi gargaɗin cewa turakun da ke garuruwan iyaka za su mutu idan man janaretocinsu ya ƙare. Illela na tsakiyar wannan da'ira. Na'urar auna mai za ta iya sanar da cibiyar kulawa cewa tanki ya kusa ƙafewa, umarni ya kashe wasu kayan don a ja lokaci, amma babu umarnin da zai wuce da tankar dizal ta shingen jami'ai.

Ƙofar da ta koma hannun kwamfuta

Muhimmancin Illela ba a ɓoye yake ba. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta sassauta a ranar 16 ga Disamban 2020, iyakoki huɗu aka fara buɗewa: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake garƙame ta, har sai watan Maris na 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. A waɗannan watanni 'yan kasuwar yankin sun ga yadda kaya ke ruɓewa a cikin mota idan ƙofa ta rufe.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yanzu ƙofar na iya rufewa ba tare da wani shugaba ya sa hannu a takarda ba. Aikin fito a Najeriya ya koma kan kwamfuta tun zamanin ASYCUDA, ya zo NICIS II, sannan a watan Oktoban 2024 Hukumar Kwastam ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi ta fara gwajin sabon tsarinta mai suna B'Odogwu a wata tashar ruwa ta Legas kafin faɗaɗa shi. Ejan-ejan na tashoshin Legas sun sha kokawa a kafafen yaɗa labarai kan tsayawar tsarin, kuma su ana jin muryarsu domin suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi da 'yan jarida a kusa.

Ga ofishin da ke kan iyakar tudu, sarƙar ta fi tsayi. Kwamfutar jami'i tana buƙatar wuta, tana buƙatar layin da zai haɗa ta da cibiya, cibiyar kuma tana buƙatar sabar mai rai, bankin da za a biya haraji ta cikinsa shi ma yana da tasa sabar. Idan aka ce wa ɗan kasuwa "sabar ta faɗi", ana iya nufin kowanne daga cikin waɗannan. Mai yiwuwa janaretan ofis ne ya tsaya. Mai yiwuwa katafila ce ta tsinke waya a wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce an samu tsinkewar wayoyin fayiba sama da 50,000 a 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki ayyukan gina hanyoyi ne suka jawo su. Wannan adadi ya shafi Illela kai tsaye, domin daga nan ne babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 ta faro.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi damun duk mai bin diddigin yadda ake tafiyar da dukiyar jama'a. Tsayawar kwamfuta ita ce ke mayar da aiki hannun mutum, inda babu shaidar lokaci, babu lambar da za a bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matuƙar babu rubutacciyar shaidar da na'ura ta ajiye da kanta, mai nuna daƙiƙar da ta tsaya da dalilin tsayawar, to babu yadda za a bambance faɗuwar gaskiya da faɗuwar da aka ƙirƙira don a ja mutum gefe. Wannan shaida kariya ce ga ɗan kasuwa, kariya ce kuma ga jami'in kirki da ake zargi ba da haƙƙinsa ba.

Inda dabarar ke da iyaka

Kuskure ne a ɗauka cewa miƙa wa na'ura ragama shi ne ƙarshen matsala. Umarnin da aka rubuta ba daidai ba yana aikata ɓarna da saurin da mutum ba zai iya ba. A ranar 19 ga Yulin 2024, wani gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura kai tsaye ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. A ranar 4 ga Oktoban 2021, wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara ya yanke Facebook da WhatsApp da Instagram daga duniya na kusan sa'o'i shida, kuma manhajar da aka tanada don ta tare irin wannan kuskure ita ma ta gaza.

A gida ma akwai misali. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, saboda wani gyara da bai isa ga wasu sabobin ba. Na'urorin ba su ƙone ba, ba su mutu ba, sun ci gaba da aiki suna fitar da sakamako marar inganci, har sai da koken iyaye da ɗalibai ya tilasta bincike. Darasin shi ne ƙararrawa tana kaɗawa ne kawai a kan abin da aka ce mata ta lura da shi.

Akwai kuma matsalar yawan kuka. Idan tsarin yana aika saƙo ɗari a rana a kan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, mai kula zai daina karantawa, ranar da na gaske ya zo ya wuce shi. Sannan saƙon kansa yana buƙatar hanyar fita. Idan turken da ya mutu shi ne zai ɗauki labarin mutuwarsa, to labarin ba zai isa ba. Don haka ƙwararru ke tanadar layi na daban don gargaɗi, ko su sa cibiya ta riƙa jiran sallama daga kowace na'ura lokaci-lokaci, ta ɗauki shiru a matsayin alamar matsala.

Wani katsewar kuma da gangan ake yin sa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, sannan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali ba na'ura ce ta gaza ba, kuma mazauna bakin iyaka da dama sun koma neman sabis ɗin kamfanonin Nijar. Wannan ya nuna cewa mutanen yankin sun riga hukumomi fahimtar amfanin layi na biyu.

Wa ke riƙe da shaidar?

Dokoki sun fara motsi. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. A 2025 kuma NCC ƙarƙashin Dakta Aminu Maida ta wajabta wa kamfanoni sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta, da lokacin da ake sa ran gyarawa, ta buɗe shafin da ake wallafa waɗannan rahotanni, ta kuma ce a biya masu layi diyya idan katsewar ta wuce sa'o'i 24.

Mataki ne mai kyau, sai dai ma'aunin "babbar katsewa" an yanka shi ne da girman ƙasa. Daga cikin sharuɗɗan akwai a ce matsalar ta shafi kashi biyar cikin ɗari na masu layin kamfani, ko ƙananan hukumomi biyar zuwa sama, ko turaku ɗari. Turke ɗaya ko biyu da suka mutu a Illela ranar kasuwa suna iya tsayar da cinikin miliyoyin naira ba tare da sun kai wannan ma'auni ba. A lissafin Abuja ƙaramin abu ne. Ga wanda ya kwana a tasha da shanun da bai biya ba, shi ne babban labarin makon.

Bayanan da za su cike wannan giɓi suna nan. Manyan kamfanonin turaku irin su IHS da ATC suna da cibiyoyin da ke sa ido a kan turakunsu daga nesa, kuma kwangilolin da ke tsakaninsu da kamfanonin waya a kan adadin sa'o'in da turke ya yi yana aiki aka gina su. Duk hukumar da ke da sabar ta zamani, sabar tana rubuta tarihin lafiyarta ko an karanta ko ba a karanta ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan bayanai daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwar Illela, da ejan-ejan, da wakilan yankin a majalisun jiha da na tarayya su gabatar a rubuce. Sa'o'i nawa tsarin fito ya tsaya a ofishin kan iyaka cikin shekarar da ta wuce, kuma mene ne sanadin kowace tsayawa? Akwai layi na biyu da ofishin ke komawa kai da kansa idan na farko ya yanke, kuma yaushe aka gwada shi na ƙarshe? Idan gargaɗi ya fito da ƙarfe biyun dare, wayar wa yake shiga, kuma sa'o'i nawa kwangila ta ba shi ya isa wurin? Idan aka koma aikin hannu, wa ke ba da izini, a ina ake rubuta shi? Ita kuma NCC, me zai hana ta riƙa wallafa alƙaluman katsewa na kowace ƙaramar hukuma, ko da na garuruwan iyaka ne kawai, inda sadarwa ta haɗa kasuwanci da tsaro?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko kasafin biliyoyi. Suna buƙatar a ɗauki ofishin da ke ƙarshen layi da irin muhimmancin da ake ba na tashar Apapa, a kuma yarda cewa wanda ya biya haraji a Illela yana da haƙƙin sanin dalilin da ya sa aka tsayar da shi.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Na'urorin da ke bakin iyakar nan an ƙera su da bakin faɗin ciwonsu tun kafin ya kwantar da su. Ranar Lahadi mai zuwa kasuwa za ta sake ci, mai POS zai sake ɗaga na'urarsa sama, kuma a wani wuri akwai kwamfutar da ta riga ta rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Saura a tilasta wa masu riƙe da ita su buɗe littafin.